Tambaya da Amsa: Baffansa Ya Ce In Cire Shi Daga Sikawut

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni mazauniyar Fadaman Mada ce a Bauchi. Maigidana ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar ni da yara uku. Babban, ɗan shekara 13, ya shiga sikawut a makarantarsu bara, kuma tun da ya shiga na ga canji: yana tashi Asuba ba sai na tashe shi ba, yana wanke kayansa da kansa, ranar nan ƙanwarsa ta yanke da wuƙa shi ya ɗaure mata hannun. Yanzu za su tafi zango na kwana uku a hutun nan. Sai baffansa ya turo mini wata murya a WhatsApp, wai sikawut ta koma ƙungiyar 'yan luwaɗi, a Amurka har shugabanci an ba su, wai kuma an ba kowace ƙasa umarni ta bi. Ya ce in cire yaron tun kafin a lalata shi. Kwana biyu ke nan yaron ba ya cin abincin kirki. Ba na son saɓa wa baffansa, ba na kuma son karya wa maraya zuciya. Mene ne gaskiyar maganar nan?

Uwar marayu, Fadaman Mada.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari.

Tambayarki ta zo gidanta. Na ɗaura ƙyallen sikawut a wuya tun ina firamare, daga baya na yi shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da yaran sikawut a makarantun da na koyar. Ranar da mahaifina ya ji cewa da hannun hagu muke gaisawa, cewa ya yi a cire ni, don a ganinsa wurin da ake koya wa yaro miƙa hagu ba wurin tarbiyya ba ne. Sai da malaminmu ya zo har zaure ya yi masa bayani, ya kuma yi alkawarin cewa gaisuwar hagu a filin fareti za ta tsaya. Saboda haka ba na raina tsoron baffan yaron nan. Mutumin da ya tsaya a kan tarbiyyar ɗan ƙaninsa ko wansa da ya rasu, ya cancanci a saurare shi.

Kuma ruwa ba ya tsami banza. A cikin muryar nan akwai gaskiya, akwai ƙari.

Gaskiyar ita ce an yi wannan rikici a Amurka, an kuma daɗe ana yi. Ƙungiyar sikawut ta can, wadda aka kafa a 1910, tana sa yaro ya yi alkawarin sauke haƙƙin Allah da na ƙasa, ya kuma tsare kansa a kan kyawawan ɗabi'u. A kan wannan ta dogara ta hana masu neman jinsinsu shiga. A 1990 ta kori wani mataimakin shugaban rukunin yara mai suna James Dale bayan jarida ta bayyana halinsa. Ya kai ƙara, magana ta je har Kotun Ƙoli, a shekarar 2000 alƙalai biyar suka ba ƙungiyar gaskiya, huɗu suka ƙi. Tsugune ba ta ƙare ba, don matsin lamba ya ci gaba, wasu manyan kamfanoni suka janye tallafinsu. A ɗaya gefen kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na rukunonin sikawut ɗin ƙasar coci-coci da sauran wuraren ibada ne ke riƙe da su, da yawansu suna cewa in aka sauya za su fice. A watan Mayun 2013 wakilai suka kaɗa ƙuri'a, sama da kashi 60 cikin ɗari suka yarda a daina korar yaro saboda wannan dalili. A Yulin 2015 aka ɗage haramcin a kan manya masu shugabanci, amma aka bar wa rukunonin da ke hannun wuraren ibada damar zaɓen shugabanninsu bisa addininsu. Wasu Kiristoci suka ware suka kafa tasu ƙungiyar mai suna Trail Life USA. Cocin Mormon, wanda ya fi kowa yawan yara a ciki, ya raba gari da ƙungiyar sikawut ɗin a ƙarshen 2019, ko da yake dalilin da ya bayar shi ne yana son shirin matasa guda da zai yi wa mabiyansa na duniya baki ɗaya.

Ƙarin shi ne batun umarni. Babu wannan. Ƙungiyar Amurka ba uwar ta Najeriya ba ce. Asalin sikawut ma daga Ingila yake, inda wani soja, Baden-Powell, ya fara ta a 1907, ta iso Najeriya a 1915. Kowace ƙasa da shugabanninta da tsarin mulkinta, ƙuri'ar da aka kaɗa a Amurka ba ta hau kan kowa ba sai su. Ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan sikawut ita ce Indunusiya, wadda kuma ta fi kowace yawan Musulmi. Akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar sikawut ta Musulmin duniya mai hedikwata a Jidda. Ki tambayi duk wadda ta sauke farali, za ta gaya miki ta ga samarin nan masu ƙyalle a wuya a Mina suna nuna wa alhazan da suka ɓata hanyar tantinsu. 'Yan sikawut ɗin Saudiyya ne. Alkawarin da ɗanki ya ɗauka yana ɗaga yatsu uku, haƙƙin Allah ne a farkonsa.

Hukuncin addininmu a kan luwaɗi sananne ne, ba ni zan sauya shi ba, kuma abokan aikina Kiristoci da muka riƙe yara tare haka suke karantarwa a nasu ɓangaren. Dokar ƙasa ma tana nan: a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga masu kafa ƙungiya a kai. Amma addinin da ya yi wancan hani shi ne ya ce a cikin Suratul Hujurat, aya ta 12, mu nisanci yawan zato, kada mu yi binciken asirin juna, kada mu ci naman juna. Ina garin nan na Bauchi a wancan Janairun lokacin da jama'a suka taru suna jifan kotun shari'a saboda wasu da ake tuhuma, alƙali bai ko gama sauraro ba. Abin bai yi mini daɗi ba, har yau. Na kuma ga yadda ake yi wa yaro mai sanyin murya ko mai son aikin gida: abokai su liƙa masa ɗan daudu, ya zama abin tsokana, alhali bai aikata komai ba. A rukunina duk wanda ya kira ɗan'uwansa da wannan suna, ranar ba shi ba fareti.

Yanzu ga abin da mai muryar nan bai faɗa ba, wanda kuma shi ne ya kamata ya hana uwa barci.

A watan Oktoban 2012 kotu a jihar Oregon ta sa aka fito da wasu kundayen sirri da ƙungiyar Amurka ta daɗe tana ɓoyewa. Sun ƙunshi sunayen mutum sama da 1,200 da aka zarga da lalata yara tsakanin 1965 da 1985. A lokuta da dama ba a kai maganar wurin hukuma ba, sai a ce wa mutum ya ajiye aiki a hankali, don kare sunan ƙungiya. Wasu suka koma wani gari suka sake shiga. A Fabrairun 2020 ƙungiyar ta je kotu ta ce ta karye saboda yawan ƙararraki. Mutum sama da 82,000 suka fito suka ce an ci zarafinsu suna yara, wasu sun yi furfura kafin su iya buɗe baki. Kuɗin diyyar da aka amince da shi ya haura dala biliyan 2.4.

Ki duba shekarun, 'yata. Mafi yawan ɓarnar nan an yi ta ne lokacin da dokar hana masu neman jinsi shiga take da ƙarfinta. An tsare ƙofar gaba da sanda, ɓarawon yana cikin gida sanye da kayan sarki. Mai farautar yara ba ya zuwa da tambari a goshi. Yakan zo ne a matsayin mutumin kirki, mai fara'a, mai kyauta, wanda iyaye ke cewa ai wane ba ya gajiya da yara.

Mu kuma harshenmu ya ƙara mana wata matsala. Kalma ɗaya muke yi wa abu biyu. In manya biyu ne, mu ce luwaɗi. In ƙato ya danne yaro ɗan shekara goma, nan ma mu ce ya yi luwaɗi da shi. Da shi, kamar tare suka shirya. Wannan sunansa fyaɗe, kuma yaron wanda aka zalunta ne. Amma tun da ya san sunan da unguwa za ta sa masa, sai ya haɗiye.

Zan gaya miki abin da ban cika faɗa ba. Wata shekara da hunturu muka yi zango a gindin wani dutse a bayan gari. Da rana komai lafiya: Musulmi na sallah, yaran Kirista na gadin tukunya, ran Lahadi mu kuma mu tsare musu tanti. Cikin manyan da suka zo taimaka mana akwai wani magidanci, mai mata da 'ya'ya, ba ya rasa sahun gaba. Kullum bayan Isha sai ya kira wani yaro, shi ɗin dai, ya riƙe masa fitilar ƙwai wai zai ƙirga kayan abinci. Na gani, ban kawo komai a raina ba. Safiya ta uku na tarar da yaron a bayan tanti, ya haɗa kai da gwiwa, kokonsa na kunu ya huce a gabansa har ya yi fata. Na ce lafiya? Ya ce ciwon ciki. Na ba shi magani na wuce.

Bayan mun dawo da mako biyu uwarsa ta zo makaranta tana kuka. Aka yi zama a ofis, aka kira dattawa. Abin da aka tsayar shi ne a rufa asiri, mutumin yana da iyali, yaron ma in magana ta fita shi za a riƙa nunawa. Aka ce wa mutumin kada ya sake zuwa. Ina cikin zaman nan, ban ce uffan ba. Yaron bai ƙarasa shekarar a makarantar ba. Bayan shekara biyu na ga mutumin a wani gari, usur a wuyansa, yara na biye da shi. Da na karanta labarin kundayen Amurka, zaman ofishin nan na tuna. Ina roƙon Allah gafara a kai har gobe.

Wannan haɗari ba na sikawut kaɗai ba ne. Yana nan a makarantar kwana, a ƙungiyar ƙwallo ta unguwa, a shagon koyon sana'a, a duk inda babba ke iya keɓewa da yaro. In kin cire shi daga sikawut kin bar sauran a buɗe, kin raba shi da abin da ke gyara shi, tsoron kuma yana nan inda yake.

Shawarata, kada ki cire shi, kada kuma ki sa hannu a takardar zangon nan ido rufe. Gani ya kori ji. Ranar da suke atisaye ki saka mayafinki ki je ki ga malamin da ke riƙe da su. Ki tambaye shi manya nawa za su tafi, su wane ne, kuma makaranta ta san kowannensu. Ki tambayi inda manyan za su kwana, don bai kamata babba ya kwana tanti ɗaya da yara ba. Su Amurkawan, bayan sun sha wuya, ƙa'idar da suka kafa ita ce manya biyu a kowane lokaci, kuma ba a yarda babba ya keɓe da yaro shi kaɗai ba, ko a mota, ko a saƙon waya. Wannan ƙa'ida ba ta saɓa wa addininmu da komai ba, mu da aka koya mana tun muna yara cewa a raba wa 'ya'ya shimfiɗa in sun kai shekara goma. Ki tambaya ko za a bar wani daga cikin iyaye ya bi su. Malamin kirki zai ji daɗin tambayoyin nan. Wanda ya ɓata rai, ya ce ba ki yarda da shi ba ne, to a wannan karon yaron ya zauna a gida.

Sai magana da yaron kansa, kuma ke za ki yi ta, tun da mahaifinsa ba ya nan. Na san da nauyi. Ki same shi ku biyu, ki ce masa: duk wanda ya kira ka wani wuri kai kaɗai, ko malaminka ne, ka ce sai da abokinka. Duk wanda ya taɓa ka inda bai dace ba, ko ya ba ka kyauta ya ce kada ka faɗa, ka zo ka gaya mini, ba zan dake ka ba, ba zan ce laifinka ne ba. Wannan jimlar ta ƙarshe ki maimaita ta, don ita ce yaron bayan tanti bai taɓa ji daga bakin kowa ba. In kuma, Allah ya kiyaye, wani abu ya taɓa faruwa, asibiti da ofishin 'yan sanda za a nufa, ba zauren sulhu ba.

Baffansa kuwa, kada ki ce masa muryar da ya turo ƙarya ce. Ki je gidansa ki gaishe shi, ki gode masa, ki ce tun da shi ne uban yaron yanzu, kina roƙon ya raka ki wurin malamin ya yi tambayoyin da bakinsa. In da hali ma, shi ya zama uban da zai bi su zangon, ya ja musu sallar Asuba kwana ukun. Ki rubuto mini abin da malamin ya ce game da wurin kwana.