Layi Shida Ko Shafi Biyu: Wa Ya Kwatanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Na ba su jinga su kwatanta Kogin Neja da Kogin Binuwai. Wata yarinya ta cika shafi biyu, guda kan Neja, guda kan Binuwai, ba kuskure ko ɗaya. Wani yaro kuwa layi shida ya rubuta, ya fara da cewa: "Duka biyun daga waje suka shigo mana, amma Neja ya fi tsawo." Na ba ta maki 9, shi 5, amma raina bai kwanta ba. Ina na kuskure?
Daga wata malama, Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiyar ranki ce da ya ƙi kwanciya, domin hadda kika auna. Yarinyar ta ajiye kogi nan, ta ajiye kogi can, ta bar miki aikin haɗa su. Yaron shi ne ya ɗora su kan sikeli ɗaya.

Abin da nake fara nema a takardar yaro shi ne ma'auni. Mai awo a kasuwa ba ya auna gero da tiya, ya auna dawa da kwanon sha, sannan ya ce wannan ya fi. Idan ɗalibi ya ce Neja daga tsaunukan Gini ya taso, dole in ji cewa Binuwai daga tsaunukan Adamawa na Kamaru ya fito. Idan ya ce tsawon Neja ya kai wajen kilomita 4,200, sai ya kawo na Binuwai, wajen 1,400. Wanda ya faɗi tsawon wannan, ya koma kifin wancan, bai kwatanta komai ba, ko da duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Cikin maki goma, huɗu nake ware wa wannan kaɗai. Ki bi takardar da jan biro, ki ja layi ƙarƙashin "duka biyun", "amma", "shi kuwa", "saɓanin". In babu ko ɗaya, kin riga kin samu amsa.

Maki biyu na ingancin bayani ne, biyu na kawo kamanci da bambanci tare, don yara sun fi rugawa ga bambanci, su manta cewa a Lakwaja kogunan nan suka haɗe.

Sauran biyun su na fi ji a raina: me bambancin ya haifar? Yaron da ya lura cewa madatsar Kainji da ke kan Neja tana hannunmu, ta Lagdo da ke kan Binuwai kuwa tana hannun Kamaru, don haka sakin ruwanta kan shafi mutanen Yola da Makurɗi kamar yadda aka gani a 2012, wannan ya yi tunani. Wallahi irin wannan jimlar guda ta fi min shafi biyu daɗi.

Ranar jarrabawa kuma ki ba su abin da ba ki kwatanta musu a allo ba, amma sun san shi: gero da dawa, ko acaɓa da keke napep. Nan mai hadda ba shi da maɓoya.

Yarinyar nan kada ki karya mata gwiwa, kayan aikin duka suna hannunta. Ki mayar mata da takardarta, ki ce ta zaɓi ma'auni uku, kowace jimla ta ambaci kogunan biyu. Yaron kuwa ki ƙara masa makinsa, ki gaya masa dalili a gaban aji.