Tambayi Likita: Gwiwa ta yi ƙara a filin ƙwallo, hoto kuma ya ce babu karaya

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita. Ni matashi ne ɗan shekara 22 daga Jega, lamba 8 nike bugawa a kulob ɗin unguwarmu. Wata uku da sunka wuce muna wasan kofi nij juya da ƙwallo, wallahi ba wanda yat taɓa ni, sai nij ji ɗas cikin gwiwa nif faɗi, kahin magariba ta kumbura suntum. An kai ni wurin mai ɗori yaj ja yash shafa magani yac ce targaɗe ne, daga baya munka yi hoton ƙashi anka ce babu karaya. Yanzu tahiya lahiya lau amma da na ce zan juya da sauri sai ƙafar ta sulɓe kamar ba tawa ba. Koci na ta cewa tsoro ne kawai in dawo tirenin. Mi ya kamata in yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce wa koci ya yi haƙuri, ba tsoro ba ne. Ban duba ka da hannuna ba, amma abubuwa huɗun da ka lissafa, juyawa ba tare da an taɓa ka ba, ƙarar nan, kumburi cikin 'yan awoyi, da sulɓewar ƙafa, duk likitan ƙashi da ya ji su tare zuciyarsa wuri ɗaya za ta tafi, wato jijiyar gicciye ta gaba wadda ake kira ACL. A can tsakiyar gwiwa take, ita ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba ko ya murɗe ya bar ƙashin cinya. Kumburin da ya zo da wuri ɗin nan jini ne ya taru a cikin gaɓar.

Shi hoton ƙashi da ka yi bai yi ƙarya ba, ƙashi kawai yake gani, jijiya da guringuntsi ba sa fitowa a ciki, shi ya sa mutane da yawa ke komawa gida da murna an ce babu karaya alhali ɓarnar tana nan. Abin da ke nuna ta shi ne gwajin hannu da likita zai yi, ya riƙe cinya ya jawo ƙwauri ya ji ko akwai birki ko babu, sannan hoton MRI ya tabbatar ya kuma nuna ko guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya yage shi ma, don sau da yawa tare suke tafiya.

Matsalarmu a nan ita ce kalmar targaɗe, komai targaɗe ne, wanda zai warke a sati biyu targaɗe, wanda zai raba yaro da ƙwallo har abada shi ma targaɗe. Ni ban raina masu ɗori ba, a ƙauyuka da yawa su ne kusa kuma su ne mai arha, amma jijiyar da ta tsinke a cikin gwiwa ba ta da abin da za a ɗora, ja ba ya haɗa ta, tofi da man shafawa ba sa kai wa gare ta, kuma in ta tsinke gaba ɗaya da wuya ta haɗe da kanta saboda jinin da ke zuwa mata kaɗan ne. In an yi tiyata ma ba ɗinke ta aka saba yi ba, ana yanko wata jijiyar daga bayan cinyarka ko ƙasan ƙoƙon gwiwa a dasa a madadinta.

Ba kowa ne sai an yi wa aiki ba fa. Ɗan kasuwa ko malamin makaranta da ba ruwansa da yanka da juyi, in ya dage da gashin ƙashi ya ƙarfafa naman cinya gaba da baya, zai iya rayuwarsa lafiya. Kai kuwa ɗan tsakiya ne, aikinka kenan juyi, kuma duk sulɓewa ɗaya da ƙafar ta yi tana ƙara cin guringuntsin ne, ƙarshenta mutum bai kai arba'in ba gwiwa ta zama ta tsoho. Virgil van Dijk na Liverpool ya tsinka tasa a Oktoban 2020 a wasansu da Everton, da duk kuɗi da likitocin da kulob ɗin ke da su bai sake buga gasar Firimiya ba sai Agustan 2021. Wata tara ko fiye shi ne abin da ake sa rai bayan tiyata, wanda ya ce maka sati shida ka gudu daga wurinsa.

Ka fara da ganin likitan ƙashi a asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi tunda kusa ne da ku, in abin na aiki ne za su tura ka inda ake yi, asibitin ƙashi na Dala a Kano na cikin wuraren da ake tura irin wannan. Kafin nan keke da tafiya a miƙe ba laifi, ƙwallo kam ko ta wasa da yara a ƙofar gida ka bari.

TAMBAYA: Likita in mutum ya gurɗe a idon sawu ruwan zafi ya kamata ko ƙanƙara? Muna ta gardama a majalisa. Daga wani mai gudun safe a Gusau.

AMSA: 'Yan ƙanƙara sun ci gardama, amma na kwana biyun farko. Ruwan zafi da murza da man zafi a ranar da abin ya faru buɗe hanyoyin jini suke yi kumburi ya ƙaru. Ka sayi ƙanƙara ko fiya wata mai sanyi wurin masu firiza, ka naɗe a tsumma kada ta taɓa fata kai tsaye, minti 15 zuwa 20, ka maimaita bayan awa biyu ko uku, ka ɗaure da bandeji ba tamau ba, in ka kwanta ka ɗora ƙafar kan filo ta fi ƙirjinka tsawo. Bayan kwana biyu zuwa uku sai a fara takawa a hankali, kwanciya da yawa ma sandarar da gaɓar take yi.

Akwai wata ƙa'ida da likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada suka fitar a 1992 mai sauƙin riƙewa, in ba ka iya taku huɗu a kan ƙafar ba, ko in an danna kan ƙashin idon sawun ta baya ka ji zafi sosai, to a je a yi hoto. Sannan duk ɗaurin da aka yi, na asibiti ne ko na kara da tsumma, in yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi ko suka mutu, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance shi nan take a tafi asibiti ko tsakar dare ne, ta haka ake rasa ƙafa. In ka warke ka riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya lokacin da kake asuwaki, yana hana ta sake gurɗewa.

TAMBAYA: Likita ina wuni. Ɗana ne ɗan shekara 19 yake kokawa nan Argungu, kafaɗarshi ta goce sau uku cikin shekara guda, abokanshi ka taka mai hammata su ja ta koma. Kuma na ga wasu ƙwayoyi cikin aljihunshi yac ce na ciwon jiki ne. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Lafiya lau Inna, Allah ya raya mana shi. Gaskiyarki da hankalinki bai kwanta ba. Kafaɗa ba kamar ƙugu take ba da ƙashi ke zaune cikin rami mai zurfi, ita kamar ƙwarya ce a kan gammo, gocewar farko takan yaga gammon, shi ya sa ta biyu da ta uku ke zuwa da sauƙi, kuma a matasa masu shekarunsa da ke wasan ƙarfi dawowar ta fi yawa. Jan da abokai ke yi kuwa ganganci ne, wani lokacin akwai karaya tare da gocewar, ga jijiyar da ke motsa naman kafaɗa nan kusa take wucewa, ja ɗaya na rashin sani sai hannu ya kasa ɗaguwa. Victor Osimhen ma kafaɗarsa ta goce a Nuwamban 2020 a wasan Najeriya da Saliyo, ya fi wata biyu bai buga wa Napoli ba, shi da ba kama mutum yake yi ya ɗaga ba. Sau uku a shekara ɗaya ya isa a kai shi likitan ƙashi, mai yiwuwa a fara da gashin ƙashi, mai yiwuwa kuma a ce sai an ɗinke gammon nan.

Ƙwayoyin sun fi damuna. In tiramol ne, wanda shi na fi zargi a wurin 'yan kokawa da 'yan dambe, yana kama mutum ya kasa bari, yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya in an sha da yawa, kuma yana rufe zafin da ya kamata ya tsayar da shi sai ya shiga fili da kafaɗar da ba ta warke ba. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024. In kuma diklofenak ne ko ibufurofen, shan su kullum musamman da yunwa yana jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda. Kada ki yi masa faɗa a gaban mutane Inna, ki sa babansa ko kawunsa da yake jin nauyi ya zauna da shi, ranar zuwa asibiti kuma ki ɗauki ƙwayar da takardarta ki nuna wa likita.