Shayin wanke jiki bayan sanyi: in ci gaba da sha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. A ƙasar da nake zaune sanyi ya fara janyewa, itatuwa sun fara toho, amma ni jikina ya ƙi saki. Kullum kasala, ciki a cushe, ga ƙiba da na ƙara. Wata ƙawata ta ba ni kwalin shayin ganye, ta ce a irin wannan lokaci ake shansa kwana 14 ya wanke hanta da jini. A jikin kwalin an rubuta akwai filasko, dandalayon da netil (ganyayen daji ne na ƙasashen sanyi), wata saiwa mai zaƙi da ake kira likoris, da na'a-na'a. Tun da na fara sha cikina ke murɗawa, ina ta zagayawa. Ta ce dattin ne ke fita. Shekarata 46, kuma ina shan maganin hawan jini mai sa fitsari. In ci gaba?

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki ajiye kwalin nan yau, kada ki jira ya ƙare.

Filaskon da ke ciki shi ke murɗa miki ciki. Sinadarinsa ba ya aiki sai ya gangara babban hanji, a can ya tsokani bangon hanjin ya riƙa matsawa da ƙarfi, ya kuma hana shi tsotse ruwa yadda ya saba. Shi ya sa idan aka sha da dare, bayan awa 6 zuwa 12 ake tashi da gudu. Abin da ke fita abincin jiya ne da ruwan jikinki. Idan kin hau sikeli kin ga kin ragu, ruwan ne, kuma yana dawowa da zarar kin sha. Filasko magani ne na gaske ga mai taurin bayan gida, amma ko shi ba a son ya wuce mako guda yana sha ba tare da likita ya sani ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne maganin hawan jinin. Yawancin masu sa fitsari suna fitar da sinadarin fotasiyam daga jiki. Gudawa ma tana fitar da shi. Likoris kuma, ban da zubar da fotasiyam, yana riƙe gishiri da ruwa ya ɗaga hawan jinin da kike ƙoƙarin saukewa. Kin ga mutum uku ke nan na ɗiban ruwa a randa ɗaya, babu mai zubawa. Fotasiyam kuwa shi ke daidaita bugun zuciya. Idan kin ji faɗuwar gaba, ko damtse da ƙafafu suna ɗaurewa, ko rauni har tashi tsaye ya zama aiki, ki je asibiti a auna jininki, ki tafi da kwalin a hannu su gani.

Duk da haka ban ce ƙawarki ta zo da shirme gaba ɗaya ba. Al'adar neman ganye idan sanyi ya wuce tsohuwa ce a ƙasashen da ƙanƙara ke rufe gona wata da watanni, kuma tana da dalili. Kafin firji da jiragen da ke kai kayan lambu ko'ina, mutanen Turai kan wuce hunturu a kan hatsi, naman da aka adana da gishiri da ɗan abin da ya rage a rumbu. Jikin mutum ba ya ƙera bitamin C, kuma idan aka yi wata ɗaya zuwa uku ba a samu ba, sai kasala ta sauko, dasashi ya kumbura yana jini, gaɓoɓi su yi ciwo. Da ƙasa ta yi laushi, netil da dandalayon ne ke fara leƙowa. A tsinko, a dafa ko a ci ɗanye, cikin 'yan kwanaki mutum ya ji ya farfaɗo. Su a ganinsu jini ne ya yi kauri a sanyi, ganye ya tsinka shi. Sai a farkon shekarun 1930 aka gano bitamin C ɗin kansa. Wato ganyen nan cike giɓi yake yi, jiki ya rasa abu ya samu. Masu sayar da kwali ne suka juya zancen ya koma na fitar da datti, don abin da mutum ya gani a banɗaki ya fi saurin gamsar da shi.

Hanta kuwa ba buhu ba ce da datti ke taruwa a ciki. Tana canza abin da ya shigo jiki, magani ne ko guba, ta mai da shi yadda zai narke a ruwa, ya fita ta fitsari ko ta ruwan matsarmama. Ƙoda biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini kowace rana, su mayar da kusan duka, su bar lita ɗaya zuwa biyu ta zama fitsari. A 2015 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Klein da Kiat, suka bi rubuce-rubucen da aka yi kan tsare-tsaren wanke jiki, ba su sami gamsasshiyar hujja cewa suna fitar da wata guba ba. Ni kan tambayi duk mai tallar irin wannan shayi: wace guba ce, mene ne sunanta? Har yau shiru.

To me za ki yi? In ganye kike so, ki koma yadda masu al'adar suka faro ta, wato a kwano. Netil idan sabo ne a sa safar hannu, don gashinsa na harbi kamar ƙananan allurai, amma minti biyu a tafasasshen ruwa ƙaiƙayin ya mutu, sai ya yi laushi, kore shar. Yana da sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Ganyen dandalayon ɗaci gare shi, ƙananan sun fi daɗin ci, kuma ɗacin ne ke tsinka yawu ya buɗe ciki kafin abinci. Yana ɗan ƙara fitsari; wani ƙaramin gwaji da aka yi da mutum 17 a 2009 ya nuna haka, sai dai mutum 17 ba su isa a kafa hukunci ba. Ke da ke kan maganin fitsari, ɗan kaɗan a cikin abinci ya ishe ki, ban da ƙwayar maganin da ake yi da shi. Mai tsakuwa a matsarmama ya tambayi likita tukuna, haka mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, don ganyayen nan biyu cike suke da bitamin K mai rage ƙarfin maganin.

Don cushewar ciki, ki yanka citta ɗanya kamar rabin babban yatsa, ki zuba mata tafasasshen ruwa kofi ɗaya, ki rufe minti 10. Na'a-na'a ma haka, amma a rufe kofin, in ba haka ba man da ke aikin ya bi tururi. Idan kina fama da ƙwannafi ki bar na'a-na'a, tana sassauta ƙofar tumbi abin ya ƙaru. Ganye ɗaya a lokaci ɗaya, kofi ɗaya ko biyu a rana, yadda in wani abu ya ɓaci za ki san mai laifi. Ki ƙara da ruwa da tafiyar ƙafa a cikin rana.

Kasalar kuma kada ki ɗora wa sanyi ita duka. A shekarunki ƙarancin jini, ciwon suga, raunin ƙullin maƙogwaro (thyroid) da ƙarancin bitamin D bayan dogon hunturu duk suna zuwa da wannan kama, kuma gwajin jini ne ke rarrabe su. In ta wuce makonni ba ta tafi ba, ki nema a yi miki.

TAMBAYA: Malama, ni ƙwayar koren shayi nake so in fara sha don tsabtace jiki. Tun da daga ganye aka yi ta, ai babu illa ko?

AMSA: Malam, kofin koren shayi daban, ƙwayarsa daban. A ƙwaya an tattara sinadarin kofuna masu yawa wuri ɗaya. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa miligiram 800 ko fiye a rana na EGCG, wani sinadari da ke cikin koren shayi, idan daga ƙwaya ya fito, yana iya taɓa hanta. A Amurka, cibiyoyin da ke tattara bayanan waɗanda magani ya lalata wa hanta sun gano kusan ɗaya cikin biyar daga kayan ganye ne da ƙwayoyin ƙarin kuzari. A farkon shekarun 1990 kuma mata sama da 100 a Beljiyam suka gamu da ciwon ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba a wani asibiti a Brussels, inda aka musanya wani tsiro da wani mai suna Aristolochia. Da yawansu sai da aka kai ga wankin ƙoda ko dashe.

Ka dafa shayinka ka sha kofi biyu ko uku. In har ka riga ka fara ƙwayar, ka ga fitsari ya yi duhu, ko farin ido ya koma rawaya, ko jiki yana ƙaiƙayi ba ƙurji, ka daina nan take ka je a duba hantarka.