Re: Wanda ya warke daga taɓin hankali zai iya taimakon wasu?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ƙanenki ya bar tramol shekara biyu ke nan, yana son taimakon masu irin halin da ya shiga, ko sai yana da diplom na likita? A'a wallahi. Jarinsa shi ne ya taɓa shiga ramin ya fito, wanda kuwa ya sha zafin abu ya fi sanin inda yake ciwo. Amma sai an horar da shi.

Ni na halarci irin horon nan a Yamai, abin da ya fi ba mu wuya shi ne yin shiru. Ana zaunar da mu bibbiyu, ɗaya na ba da labari ɗaya na saurare, minti goma ba katsewa ba wa'azi, wani dattijo a cikinmu minti biyu kawai ya yi ya fara "ai haƙuri za ka yi", duk aka fashe da dariya. Sai riƙe sirri, wannan ba wasa, kin san fada da tsegumi wajen shayi.

Magani ba nasa ba ne, kada ya ce wa kowa ya bar ƙwayar da likita ya rubuta masa ko ya ƙara. In mutum ya fara zancen kashe kansa ko ya daina barci kwana da kwanaki, ya raka shi CSI (ƙaramin asibitin unguwa) wurin majo, wato shugaban asibitin, ranar nan, ko ɓangaren masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai. Tun 2008 OMS, hukumar lafiya ta duniya, ke da tsarin mhGAP na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci wannan aiki, to ya fara tambayar majon unguwarku.

Shi ma ya samu wanda zai riƙa sauke masa nauyi, labaran mutane suna iya tayar da tsohon miki.