Hukuncin Dogaro da Saiwoyi da Ƙwayoyin Ƙarin Lafiya ga Mai Yawan Ciwon Fitsari

Tambaya: Allah gafarta Malam, na daɗe ina fama da zafin fitsari, in sha magani ya lafa, can kuma ya dawo. Ƙawata ta ce in daina wahalar asibiti, in riƙe habbatus sauda da wasu saiwoyi da ƙwayar kiranberi (wani ɗan itace), wai maganin Annabi ya wadatar. Yanzu ya sake tashi, ga juna biyu wata huɗu. Ya halatta in tsaya a kansu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Asalin yin magani da tsirrai halal ne, babu saɓani. Amma ke, baiwar Allah, kin faɗi abu biyu da suka sauya hukuncinki: ciwon ya riga ya tashi, sannan akwai rai a cikinki. A wannan hali bai halatta ki tsaya a kansu ba. Ki je a auna fitsarinki yau, a ba ki maganin da ya dace da mai ciki, ki shanye shi yadda aka rubuta. Galibi ƙwayar cutar E. coli ce daga hanji take shiga mafitsara. Idan aka bar ta a jikin mai ciki tana iya hawa ƙoda, ta jawo naƙuda kafin lokaci. Zazzaɓi da ciwon kwiɓi da amai alama ce cewa ta hau ƙoda, ko cikin dare ne a tafi.

Maganar ƙawarki ba ita ta fara ta ba. Hadisin da ya ce habbatus sauda waraka ce daga kowace cuta yana cikin Bukhari da Muslim, kuma akwai malaman da suka bar lafazin "kowace cuta" a kan gamewarsa. Sai dai Imam Khaɗɗabi ya ce gamamme ne da ake nufin keɓantacce da shi. Ibnul Ƙayyim ya kwatanta shi da iskar Adawa, mutanen Annabi Hudu, wadda Alƙur'ani ya ce tana halaka "kowane abu", alhali ayar da kanta ta ce gidajensu sun saura. Ko mun bar lafazin yadda yake, ina hadisin ya faɗi gwargwado da yadda mai ciki za ta sha? Ina ya hana wani maganin? Wanda ya faɗi hadisin, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya yi ƙaho, ya yi umarni da zuma, ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likita. Da ita kaɗai ta isa, da bai yi haka ba. A hadisin Jabir kuma ya rataya waraka da dacewar magani da cutar, dacewar nan kuwa awo ke nuna ta. Ki gaya wa ƙawarki cikin taushi cewa wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da likitanci ba, lamuni na wuyansa, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito.

Bayan kin haihu kin warke, rigakafi da abin da aka jarraba babu laifi. Bitar 2023 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitanci, ta nuna kiranberi yana rage dawowar ciwon ga mata masu yawan fama da shi, amma ba ya kashe wanda ya tashi, kuma mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, sai da izinin likita. D-mannose, wani nau'in sukari da ake ta tallatawa, gwajin da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2024 bai ga amfaninsa ba. Ganyen uva ursi mai ciki ba ta sha. Haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba ki nisance shi, ki kuma duba kwanson ƙwaya kada ya kasance na alade.

Sai abin da ba ki tambaya ba. Mata da yawa suna rage shan ruwa, suna matse fitsari don kada alwala ta karye. Wannan kuskure ne a addini kafin a zo ga lafiya, domin an hana salla alhali fitsari ko bayan gida na matsar mutum. Ki sha ruwa sosai, ki zaga da zarar kin ji, ki sake alwala. Wajen tsarki ki fara daga gaba zuwa baya, ki yi fitsari bayan kwanciyar aure, kada ki cusa komai a gabanki da sunan wanki. Idan fitsarin ɗiga yake yi har ya cinye rabin lokaci ko fiye, a mazhabar Maliku ba ya karya alwala, kada waswasi ya dame ki.

Maigidanki kuma ya kai ki asibitin da kansa, ɗansa ne a cikin. Wallahu a'alam.