Amsa kan jirin da ke kama Hajiya idan ta juya kai

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce Hajiya kan ji ɗaki yana juyawa da ita idan ta mirgina a gado ko ta ɗago daga sujada, alhali an auna jininta bai hau ba. Allah Ya ba ta lafiya. Irin wannan jiri ya taɓa hana ni sallah a tsaye har kusan mako uku, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ƙwaƙwalwa tana sanin inda ƙasa take ne ta labarin da idanu da gaɓoɓi da can cikin kunne suke kai mata. A cikin kowane kunne akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin da ke cikin alli, waɗanda suke zaune a kan wani abu mai yauƙi da siraran gashi a ƙarƙashinsa. Idan mutum ya sunkuya, nauyinsu yakan ja su ƙasa su lanƙwasa gashin, nan take saƙo ya tafi. Kusa da su akwai bututu uku cike da ruwa masu jin juyawar kai, sannan ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya ta haɗa saƙonnin ta daidaita tsayuwa da tafiya.

Abin da ya same ni shi ne wasu tsakuwoyin sun ɓalle sun faɗa ɗaya daga cikin bututun. Da na juya kai sai su gangara su motsa ruwan, kunne ya ce ina juyawa, ido ya ce ina kwance. Ba ya kai minti ɗaya, amma nakan damƙe bakin katifa, zufa na karyo mini.

Likitan kunne ya kwantar da ni da sauri, kaina na reto a bakin gado, yana duban yadda ƙwayar idona ke rawa. Daga nan ya riƙa juya kaina daki-daki, yana dakatawa kamar daƙiƙa 30 kowane karo, har tsakuwoyin suka koma mazauninsu. Wani likitan Amurka, John Epley, shi ya wallafa wannan dabara a 1992. Zuwa biyu na yi, jirin ya ɗauke. A ganina kuskure ne a gwada wa dattijuwa wannan a gida, domin sai an tantance kunnen da abin ya shafa, kuma a tabbatar wuyanta zai jure.

Amma idan jirin ya ƙi tsayawa, ko bakinta ya karkace, ko maganarta ta sarƙe, ko wani ɓarin jikinta ya yi nauyi, ku garzaya asibiti a lokacin, domin suna iya zama alamun shanyewar ɓarin jiki. Kafin ku ga likita, ta riƙa sallah a zaune, kuma kada ta je bayi da dare ba fitila, saboda a duhu ido ba ya iya gyara kuskuren kunne.