Kafin Ka Biya Kuɗin ChatGPT: Amsoshin Tambayoyinku Kan Manhajojin Ƙirƙirarriyar Basira A Wurin Aiki

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, manhajojin da ake hira da su kamar mutum suka yi ta ƙaruwa: Gemini na Google, Copilot na Microsoft, Claude na Anthropic, da Meta AI da ya shigo WhatsApp a Najeriya a 2024. Ga wasu daga cikin tambayoyin da masu sana'a da ma'aikata a Kaduna suka aiko mana a kansu.

"Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada. Wasiƙun neman aiki da takardun yarjejeniya da katin gayyata ne yawancin aikinmu. Yaron shagona ya matsa mu riƙa biyan ChatGPT duk wata. Akwai kuma wanda ya yi min tayin asusun da aka riga aka biya a kan naira dubu biyar. Wanne zan ɗauka?"

Malam, a yanzu kada ka ɗauki ko ɗaya. Fara yin lissafi. Matakin biya da aka fi sani na ChatGPT dala 20 ne a wata, na Claude ma haka, na Gemini kusan haka. Idan muka ɗauka dala tana naira 1,500, kuɗin ya kama naira 30,000, in an ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya zama 32,250, ban da abin da banki zai cire. Raba wannan da ribar da kake samu a kan wasiƙa ɗaya, za ka ga wasiƙu nawa za ka ƙara bugawa a wata kafin kuɗin ya dawo.

Bayan haka ka yi gwaji na mako biyu da na kyauta. Zaɓi ayyuka uku da kuka fi maimaitawa, ka ba ChatGPT da Gemini da Claude umarni iri ɗaya, ka duba wanne ne aikinsa bai cika buƙatar gyara ba. A takarda, yaron ya riƙa rubuta duk lokacin da manhaja ta ce kun kai iyaka ku jira, musamman in kwastoma na tsaye. Abin da kuɗi ke saya maka galibi shi ne ɗaga wannan iyakar, da damar ɗora manyan fayiloli, da samfurin da ya fi ƙarfi. In an yi mako biyu ba ku ci karo da iyakar ba sai jefi-jefi, na kyauta ya ishe ku.

Yawancin masu cewa na kyauta ba shi da kyau, umarninsu ne bai cika ba. Wanda ya rubuta "rubuta min wasiƙar neman aiki" zai sami wasiƙar da kowa ke samu. Gwada haka: "Rubuta wasiƙar neman aikin koyar da lissafi a makarantar sakandare mai zaman kanta. Mai neman yana da NCE da shekara huɗu yana koyarwa. Kada ta wuce kalma 200. Kada ka ƙara wata shaidar karatu ko gogewar da ban ba ka ba." Jimlar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin manhajar takan ƙara wa mutum kwas ko lambar yabon da bai taɓa samu ba don wasiƙa ta yi armashi, kuma ranar ganawa shi za a tambaya.

A aikin Hausa kuma sai an ƙara sa ido. Turancinsu ya fi Hausarsu nesa ba kusa ba, saboda rubutun Hausa da aka horar da su a kai kaɗan ne. Sukan zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, su ce "ya" inda ake nufin mace, su jera jimla a tsarin Turanci. Katin ɗaurin aure da aka buga guda ɗari biyar da irin wannan kuskuren, kai za ka biya kuɗin sake bugawa.

Batun asusun dubu biyar kuwa, araha ba ta ado. Asusu ɗaya ne ake sayar wa mutane da yawa, kowa na iya buɗe tarihin hirar ya karanta takardun kwastomominka, kuma raba asusu ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin, ana iya rufe shi kowane lokaci. In ka yanke shawarar biya, ka biya na wata ɗaya ta shafin kamfanin ko manhajarsa ta ainihi. A Play Store duba sunan mai manhajar a ƙasan sunanta, ka tabbata OpenAI ne ko Google ko Anthropic, don na jabu masu kama da su sun yi yawa. Kuɗin yana sabunta kansa duk wata, saboda haka ka sa ranar a kalanda.

"Ina sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma ina ba da kaya bashi. Na ɗauki hoton littafin bashi na tura wa manhaja ta haɗa min jimla, sai abin da ta ba ni ya bambanta da na kalkuleta. Wa zan yarda da shi?"

Hajiya, kalkuleta ce mai gaskiya. Waɗannan manhajoji an gina su ne su hasashi kalmar da ta dace ta biyo baya, shi ya sa suka ƙware a rubutu. Idan aka jera musu lambobi arba'in, suna iya fitar da jimlar da ta yi kama da daidai alhali ba daidai ba ce, kuma ba za su nuna shakka ba. Hoton rubutun hannu yana ƙara wata matsalar: 1 ta koma 7, ko sifili ɗaya ya ɓace, 45,000 ta zama 4,500.

Hanyar da ta fi ita ce ki bar Google Sheets ko Excel ya yi lissafin, manhajar kuma ta koya miki yadda za ki tsara shi. Google Sheets kyauta ne kuma yana aiki a waya. Ki yi layi biyar a tsaye: A kwanan wata, B sunan mai karɓa, C irin kaya da yawan turmi, D kuɗin kaya, E abin da aka biya. Sai ki gaya wa manhajar wannan tsarin, ki ce ta ba ki dabarar fitar da sauran bashin mutum ɗaya. Za ta ba ki abu kamar haka, a ce sunan Ladi ne:

=SUMIF(B:B,"Ladi",D:D)-SUMIF(B:B,"Ladi",E:E)

Ki liƙa shi a wani gurbi daban, misali G2. Abu biyu ne ke lalata wannan lissafin. Na ɗaya, suna: in yau kin rubuta "Ladi", gobe "Haj. Ladi", jibi kin bar tazara bayan sunan, kwamfuta za ta ɗauke su mutum uku. Na biyu, in kin sa harafin N ko kalmar naira a gaban lamba, za a ɗauke ta rubutu a tsallake ta ba tare da gargaɗi ba. Lamba zalla za ki riƙa sawa. Kafin ki dogara da shi, ki gwada da mutum uku da kika san bashinsu a ka.

Sannan ki daina tura hoton littafin. Sunayen mutane da lambobin wayarsu da bashin da ake binsu amana ce a hannunki, kuma saƙon da aka tura wa Meta AI yana zuwa wurin kamfanin Meta, ba kamar hirarki da 'yar'uwarki ba.

"Ni akawu ne a wani ofishin lauyoyi a kan titin Ahmadu Bello. Ina so in riƙa amfani da manhaja wajen taƙaita takardun shari'a da nemo hukunce-hukuncen baya. Maigidana yana ɗari-ɗari."

Malam, ɗari-ɗarinsa na da tushe. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen Avianca, saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira, da sunaye da lambobi kamar gaske, alhali ba a taɓa yin su ba. Duk hukuncin da manhaja ta ambata, sai an buɗe shi a rahoton shari'a na ainihi an karanta kafin ya shiga takarda.

Taƙaitawa ta fi aminci, da sharaɗi. Ka ba ta takardar, ka ce ta tsaya kan abin da ke ciki kawai, ta kawo lambar shafi ga kowace magana, in abu babu shi ta ce babu. Sai ka bi shafukan ka duba kwanan wata da adadin kuɗi da sunayen ɓangarori, nan kuskure ya fi ɓuya.

Sirri shi ne babban lamari. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki bayan wasu sun liƙa bayanan kamfanin a ChatGPT. Nan gida kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin bayanan mutane a kan wanda ya karɓe su. A asusun mutum ɗaya na ChatGPT, ana iya amfani da hirarka wajen horar da manhajar sai in ka shiga saiti, sashen kula da bayanai, ka kashe. Asusun kamfanoni ba a horarwa da shi sai da izini, kuma shi ya dace da ofishi irin naku. Copilot na kamfanoni da ke aiki cikin Word da Outlook ya fito a kan dala 30 ga kowane ma'aikaci a wata, ban da kuɗin Microsoft 365 ɗin kansa, don haka a fara da mutum ɗaya ko biyu. Kafin ofis ya yanke shawara, ka cire sunaye da adireshi da lambar ƙara da NIN da BVN daga duk abin da za ka liƙa, kuma da sanin maigida.

"Malamar makaranta ce ni a Kawo. Mai shago ya ce sai na sayi sabuwar kwamfuta mai AI a ciki kafin in iya shirya darasi da waɗannan manhajoji."

Malama, ba haka ba ne. ChatGPT da Gemini da sauransu suna aiki ne a manyan kwamfutocin kamfanoninsu, taki tana aika tambaya ta karɓi amsa ta intanet. Wadda yake nufi ita ce nau'in kwamfutar da ake kira Copilot+ PC da Microsoft ya ƙaddamar a 2024, mai guntu na musamman da RAM aƙalla 16GB, kuma shirya darasi ba ya buƙatarta.

Ta hannu mai kyau ta wadatar. Ki nemi mai injin sarrafawa (processor) Core i5 ƙarni na 8 ko sama, RAM 8GB, ma'ajiyar SSD 256GB. Ƙarnin yana da muhimmanci domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ya karɓar yawancin waɗanda suka gaza ƙarni na 8. Ana gane shi a lambar farko: i5-8250U ƙarni na 8 ne, i5-6300U na 6. A shagon ki sa a cire caja, ki kunna bidiyo na minti ashirin ki ga kashi nawa batir ya sauka, saboda yanayin wutar lantarki. Ragowar kuɗin ki sa a data.